Abin da ke kayar da jiragen jigilar soja a lokacin yaƙi

Daren Talata, 25 ga Fabrairu 2025, wani jirgin sojan Sudan ƙirar Antonov ya tashi daga sansanin Wadi Sayyidna da ke arewa da Omdurman. Bai yi nisa ba ya rikito cikin unguwa, a kan gidajen mutane. Hukumomin jihar Khartum sun ce mutum 46 suka rasu, 10 suka ji rauni. Cikin mamatan akwai manyan hafsoshi, har da Manjo Janar Bahar Ahmed, akwai kuma fararen hula.

Sudan tana cikin yaƙi tun 15 ga Afrilu 2023, tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF. Don haka tambayar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce: harbo shi aka yi? Amma majiyoyin soja da suka yi magana da ƴan jarida a lokacin sun fi danganta abin da matsalar na'ura.

Maganar ta shafe mu, jama'a. Muna da dangi a Omdurman da Gadarif da Mai Wurno. Muna da ƴaƴa da ƙanne cikin kayan soja, waɗanda jirgi ne ke kai su bakin aiki ya dawo da su. Muna kuma da unguwanni da gonaki a gefen filayen jirgi na Yamai da Damagaram da Agadas. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware zancen dalla-dalla. Abin da haɗurran baya suka nuna shi ne, yaƙi yana kayar da jirgin jigila ta hanya biyu. Akwai wanda maƙiyi ke harbowa. Akwai kuma wanda ke faɗuwa ba tare da ko harsashi ɗaya ya taɓa shi ba, saboda yaƙi ya sa an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, an hana shi hutu, an hana matuƙansa barci. Wannan na biyun shi ne mutane ba su cika sani ba.

Wane irin jirgi ne wannan?

Jirgin jigila daban yake da jirgin yaƙi mai kai farmaki. Shi aikinsa dako: sojoji, abinci, harsasai, magunguna, motoci, masu rauni, wani lokaci har da gawarwaki. In kuna so, ku ce kamyon sama ne. Ƙato ne, mai nauyi, ba ya da saurin juyawa, kuma yawanci ba ya ɗauke da makamin da zai rama in an kai masa hari.

Iri uku ne aka fi gani a Afirka. Akwai C-130, wanda ake kira Hercules, ƙirar Amurka, mai farfela huɗu. Ya fara tashi a 1954, kuma har yau ana ƙera sababbinsa. Yana ɗaukar soja 92 ko kaya kusan tan 20. Akwai Ilyushin 76, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, da ya fara tashi a 1971, mai ɗaukar fiye da tan 40. Sai dangin Antonov, irin su An-12 da An-26, waɗanda aka daina ƙerawa tuntuni. An-26 na ƙarshe ya fito daga masana'anta a tsakiyar shekarun 1980. Ke nan duk wanda kuka gani a sama yau, ya kai shekara 40 ko ya doshi haka.

Me ya sa soja ba za su haƙura da mota ba? Ku dubi ƙasar nan tamu. Daga Yamai zuwa Agadas kusan kilomita 1,000 ne. Daga Yamai zuwa Difa ya haura kilomita 1,300. Daga Agadas zuwa Dirku kuwa rairayin Tenere ne zalla. Tafiyar da ayarin motoci zai yi kwanaki yana yi, ga fargabar kwanton ɓauna da nakiyoyin da ake binnewa a hanya, jirgi zai yi ta cikin awa biyu ko uku. Duk lokacin da hanyar ƙasa ta ƙara haɗari, nauyin sai ya koma kan jirgi. Daga nan matsalar ke farawa.

Wanda ake harbowa

In jirgin jigila ya yi sama sosai, ƙananan makamai ba sa kai masa. Makami mai linzami da mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa, wanda ke bin zafin injin, iyakarsa kilomita 3 zuwa 4 a sama. Amma ai jirgi dole ya sauka, dole ya tashi. A waɗannan mintoci yana ƙasa-ƙasa, yana tafiya a hankali, kuma kowa ya san ta inda zai bi. Nan ne maharba ke jiransa.

Haka ta faru a gabashin Yukren daren 14 ga Yuni 2014. Wani Ilyushin 76 na sojan ƙasar yana shirin sauka a filin jirgin Luhansk, sai ƴan aware suka harbo shi. Mutum 49 da ke ciki, sojojin laima 40 da ma'aikatan jirgi 9, ba wanda ya tsira.

Ba ma sai da makami mai linzami ba. Ranar 30 ga Janairu 2005, ranar zaɓe a Iraƙi, wani Hercules na sojan saman Birtaniya ya tashi daga Bagadaza zuwa Balad. Yana tafiya ƙasa-ƙasa, sai aka buɗe masa wuta daga ƙasa. Harbin ya sami tankin mai da ke cikin fiffiken dama. Tururin man da ya taru a cikin tankin ya yi bindiga, wani ɓangare na fiffiken ya ɓalle, jirgin ya faɗi da mutum 10. Abin takaicin shi ne akwai maganin wannan tun da daɗewa: wani irin soso da ake cusawa cikin tanki, mai hana tururin mai fashewa. Jiragen Hercules na Amurka suna da shi tun zamanin yaƙin Biyetnam. Wannan na Birtaniya ba a sa masa ba. Ku riƙe wannan labari, za mu dawo kansa.

Don kauce wa harbi, matuƙa na da dabarunsu. Suna tashi da dare, fitilu a kashe. Suna saukowa da sauri daga can sama maimakon su gangaro a hankali. Suna watsa tartsatsin wuta don makamin ya bi shi ya bar injin. Wani lokaci suna bin ƙasa-ƙasa don kada a hango su daga nesa. Kowace dabara tana rage haɗarin harbi, amma tana ƙara haɗarin kuskure, domin tana rage wa matuƙi lokacin da zai gyara in wani abu ya ɓaci.

Nauyi da zafi

Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa ranar cin kasuwa ya san abin da lodi ke yi. Buhunan hatsi a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a sama, mota na nishi a kan tudu. Bambancin kawai shi ne mota in ta gaza sai ta tsaya a gefen hanya, fasinja su sauka su tura. Jirgi ba ya da gefen hanya.

An ƙera jirgi mai injin huɗu yadda in ɗaya ya mutu, ukun za su riƙe shi har ya dawo ya sauka. Amma wannan lissafi yana aiki ne in nauyin bai wuce ƙa'ida ba. A lokacin yaƙi kuwa jirage kaɗan ne, buƙata da yawa. Kwamanda na son harsasai su isa yau. Sojan da ya sami hutun kwana goma na roƙon a taimaka masa da wuri. Iyalin wani hafsa na son a rage musu hanya. Wa zai iya cewa a'a?

Zafi kuma na ƙara dagula lissafin. Fiffike da injin duka da iska suke aiki, kuma iska mai zafi ba ta da kauri. Iskar da ta kai digiri 45, irin ta watan Afrilu da Mayu a nan, ta fi ta digiri 15 rashin kauri da kusan kashi 10 cikin 100. Ma'ana, kayan da jirgi zai ɗaga cikin sauƙi da asuba, da azahar sai ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga su, ya kuma hau sama da ƙyar. Shi ya sa ƙwararrun matuƙa a Sahel suka fi son tashi da sassafe. Ga kuma ƙura da rairayi da injin ke shaƙa kullum, suna cin cikinsa sannu a hankali.

Makwabtanmu na Nijeriya ba su manta da 26 ga Satumba 1992 ba. Wani C-130 na sojan sama ya tashi daga Legas zai nufi Kaduna, ɗauke da hafsoshin da ke karatu a kwalejin soja ta Jaji. Mintoci kaɗan da tashinsa injinansa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗa cikin fadamar Ejigbo. Sama da mutum 150 suka rasu, ba wanda ya fita. Ba a fagen daga abin ya faru ba, amma ku gwada wannan adadi da soja 92 da muka ambata a sama. Mu ma a nan gida, a watan Afrilu 1997 wani C-130 na sojanmu ya faɗi kusa da Yamai lokacin da yake shirin sauka, mutum 14 suka rasu.

Bayan yawan kaya, akwai yadda aka ɗaure su. Ranar 29 ga Afrilu 2013, wani Boeing 747 na kamfanin da sojan Amurka suka ɗauka haya ya tashi daga sansanin Bagram a Afganistan da motocin sulke 5 a cikinsa. Igiyoyin da aka ɗaure su ba su isa ba. Da jirgin ya ɗaga hanci, mota ɗaya ta tsinke ta zame baya, ta fasa bangon baya, ta lalata na'urorin da ke sarrafa wutsiya. Jirgin ya miƙe tsaye a sama, ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗo. Mutum 7 da ke ciki suka rasu. Ƴan Taliban sun ce su suka harbo shi. Bincike ya nuna ɗaurin kaya ne.

Tsufa da rashin kayan gyara

Tsufa kaɗai ba ya kayar da jirgi. Tsohon jirgin da ake kula da shi bisa ƙa'ida yana iya shekara 50 yana aiki lafiya. Kowane ƙarfe a jikinsa na da adadin awoyin da zai yi kafin a duba shi ko a canza shi, kuma akwai lokacin da dole a ajiye jirgin gaba ɗaya makonni ko watanni a buɗe shi. To, a tsakiyar yaƙi wa zai yarda a ajiye jirgi wata uku? Ga kuɗi sun tafi wajen makamai. Ga takunkumi na hana sayen kayan gyara na asali, sai a koma kasuwar bayan fage. Sai makanikai su fara cire kaya daga wannan jirgi suna sa wa wancan.

Ko manyan ƙasashe ba su tsira daga wannan ba. Ranar 4 ga Afrilu 1975, ana dab da ƙarshen yaƙin Biyetnam, Amurka ta fara kwashe marayu daga Saigon. Aka cika wani ƙaton jirgi ƙirar C-5 da jarirai da yara da masu kula da su, mutum sama da 300. Minti 12 da tashi, makullan ƙofar kaya ta baya suka saki, ƙofar ta ɓalle, ta tsinke wayoyin sarrafa wutsiya. Matuƙan suka juyo da jirgin da ƙarfin injin kawai, amma ba su kai titi ba, suka faɗa cikin gonar shinkafa. Mutum 138 suka rasu, 78 daga ciki yara ne. Da farko an yi zargin zagon ƙasa. Da aka tsamo ƙofar daga teku aka bincika, sai aka gano cewa an taɓa cire wasu sassan makullan don gyaran wani jirgi, kuma da aka mayar ba a daidaita su yadda ya kamata ba.

Dare, gajiya da gaggawa

Matuƙin jirgin fasinja na da dokar da ta ƙayyade awoyin aikinsa da na barcinsa. Matuƙin soja ma yana da irinta, sai dai yaƙi ba ya jiran mutum ya huta. Gajiyayyen mutum kuwa yana manta ƙaramin abu, kuma a sama ƙaramin abu na kashewa.

Ku ji abin da ya faru a Jalalabad, Afganistan, daren 2 ga Oktoba 2015. Ana loda dogayen kaya cikin wani C-130 na Amurka, sabon samfuri. Don kayan su sami wurin shiga, matuƙin ya ja sandar tuƙi baya, ƙaramin fiffiken wutsiya ya ɗaga. Da riƙon ya yi tsawo, sai ya ɗauki akwatin tabarau na gani cikin duhu ya tokare sandar da shi. Aka gama lodi, aka manta da akwatin. Cikin duhu ba wanda ya lura. Jirgin ya tashi hancinsa na ta yin sama, matuƙan suka kasa tura sandar gaba. Daƙiƙa 28 bayan tashi ya faɗo kan hasumiyar masu gadi. Mutum 11 da ke ciki da ƴan Afganistan 3 da ke ƙasa suka rasu. A nan ma ƴan Taliban sun yi iƙirarin harbi.

Kusa da mu kuma, a yankin Menaka na Mali, ba nisa da iyakarmu, daren 25 ga Nuwamba 2019 jirage masu saukar ungulu biyu na sojan Faransa suka yi karo a sama. Ɗaya na farmaki ne, ɗaya na jigilar sojoji. Sun je taimakon dakarun da ke fafatawa a ƙasa, cikin dare marar farin wata. Soja 13 suka mutu. Ƙungiyar IS ta ce ita ta jawo haɗarin, rundunar Faransa ta musanta. Rahoton binciken da aka fitar a 2021 ya nuna matuƙan ba su ga juna ba, kuma bayanan da suke aika wa juna ta rediyo kan inda kowa yake ba su wadatar ba.

Sai filin sauka. Jirgin jigila na zuwa inda jirgin fasinja ba zai je ba: gajeren titi, titin ƙasa, wurin da ba fitilu ba na'urar jagora. Ranar 4 ga Yuli 2021, wani C-130 na sojan Filifin ya kuskure saukarsa a tsibirin Jolo, ya yi ƙoƙarin sake tashi bai samu ba, ya faɗa cikin itatuwa ya kama wuta. Sama da mutum 50 suka rasu, da yawansu sababbin sojoji da aka tura yaƙi da ƙungiyar Abu Sayyaf, har da fararen hula 3 da ke ƙasa. Ranar 23 ga Satumba 2023 ma, wani Ilyushin 76 ya sauka a Gao ya kasa tsayawa, ya zarce ƙarshen titi ya tarwatse.

Asarar rana ɗaya

Jirgin farmaki in ya faɗi, mutum ɗaya ko biyu ne a ciki, kuma suna da kujerar da ke cilla su waje da laima. Jirgin jigila ba ya da wannan. Mutane na zaune a jere kan kujerun tamfol, ko a ƙasa kusa da kaya, ga mai cike da fikafikai, wani lokaci ga akwatunan harsasai. Ranar 11 ga Afrilu 2018, wani Ilyushin 76 na sojan Aljeriya ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga sansanin Bufarik. Mutum 257 suka rasu, sojoji da iyalansu. Ba a taɓa haɗarin jirgi mai muni irinsa a Aljeriya ba.

Kuma sau da yawa manyan da ke jagorancin yaƙin ne a ciki. A watan Fabrairu 1998, lokacin yaƙin kudancin Sudan, mataimakin shugaban ƙasa na farko, Zubair Muhammad Salih, ya rasu da jirgin sojan da ya ɗauko shi ya zarce titi a garin Nasir ya faɗa kogin Sobat. Ranar 21 ga Mayu 2021, babban hafsan sojan ƙasa na Nijeriya, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya rasu tare da mutum 10 a kusa da filin jirgin Kaduna, watanni huɗu kacal da ba shi jagorancin rundunar da ke yaƙi da Boko Haram. Hafsan da aka yi shekara 30 ana horarwa ba a maye gurbinsa cikin wata ɗaya. Haka ma ƙaramin sojan da albashinsa ke ciyar da gida guda a ƙauye.

Me ya sa gaskiya ke wuyar fitowa?

In jirgin fasinja ya faɗi, akwai ƙa'idar duniya. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa hukumar sufurin sama ta duniya ICAO, ta tanadi a yi bincike, kuma ƙa'idojin hukumar sun ce a fitar da rahoto kowa ya gani. Amma yarjejeniyar ta ware jiragen soja, ba ta hau kansu ba. Soja ne ke bincikar kansu, su ne kuma ke yanke shawarar abin da za su faɗa.

A lokacin yaƙi kuwa kowane ɓangare na da abin da yake so a ji. Masu tayar da ƙayar baya na son a ce su suka harbo, don a ga ƙarfinsu. Mun ga haka a Bagram da Jalalabad da Menaka, kuma duka ukun bincike ya nuna wani abu daban. Gwamnati kuma wani lokaci ta fi son a ce na'ura ce, don kada a ga maƙiyi ya yi nasara. Wani lokaci ta fi son a ce maƙiyi ne, don kada a tambaye ta wa ya bar jirgi marar lafiya ya tashi.

Ranar 24 ga Janairu 2024 wani Ilyushin 76 na Rasha ya faɗi a yankin Belgorod. Rasha ta ce Yukren ce ta harbo shi, kuma mutum 74 ne a ciki, 65 daga cikinsu fursunonin yaƙi ƴan Yukren da za a yi musaya da su. Yukren ta nemi a yi binciken ƙasa da ƙasa. Wurin da jirgin ya faɗi kuwa yana hannun Rasha. Iyalan fursunoni suka tsinci kansu tsakanin maganganun gwamnatoci biyu masu yaƙi da juna.

Akwatin naɗar bayanai, wanda ake ce wa baƙin akwati ko da yake launinsa ruwan goro ne, shi ne babban mai shaida. Yana riƙe maganganun matuƙa da yadda injina suka yi aiki. Sai dai ba kowane tsohon jirgin soja ke da mai aiki ba, kuma in jirgi ya faɗi a yankin da maƙiyi ke riƙe da shi, masu bincike ba sa isa wurin.

Duk da haka, inda aka yi bincike aka fitar da shi fili, ana samun gyara. Mu koma kan Hercules ɗin Birtaniya na 2005. Iyalan mamatan ba su yi shiru ba, suka riƙa tambaya kan sosan tankin mai. A 2008 mai binciken musabbabin mutuwa ya ce rashin sa shi babban sakaci ne na hukuma. An sa wa sauran jiragen Hercules na ƙasar. Ba mu da hanyar ƙirga rayukan da hakan ya tsare, domin jirgin da ya sauka lafiya ba ya shiga labarai. Neman a bayyana sakamakon bincike ba cin fuskar soja ba ne. Sojan da zai hau jirgi na gaba shi ne farkon mai cin moriyarsa.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Na farko, mu yi haƙuri da labarin awoyin farko. Ƴan'uwa da ke Legas, Akara, Abijan, Turabulus, Makka ko Faransa, mun san hankali na tashi in mutum yana nesa da gida, kuma WhatsApp ba ya barci. Amma hoton bidiyon haɗarin Bagram na 2013 yana nan a intanet har yau, irinsa kuma da yawa, kuma ba wuya wani ya ɗauko tsohon hoto ya laƙa masa sunan sabon gari. Kafin ku tura, ku tambayi kanku: wa ya ɗauka, yaushe, a ina? In ba amsa, ku riƙe.

Na biyu, kada mu yaɗa sunaye ko hotunan gawarwaki. Bai kamata uwa ta ji rasuwar ɗanta daga saƙon murya da ke yawo a waya ba. Haka kuma an sha saka sunan mai rai cikin jerin matattu, gida ya kwana yana kuka a banza. A bar hukuma da dangi na kusa su isar da saƙon yadda al'ada ta tanada.

Na uku, in Allah ya ƙaddara jirgi ya faɗi kusa da gari ko gona, kada a ruga kallo. Jirgin soja na iya ɗauke da harsasai da bama-bamai da za su ci gaba da fashewa bayan faɗuwar, hayaƙinsa kuma guba ne. A janye yara da dabbobi, a tsaya nesa ta inda iska ke fitowa. A sanar da maigari da jandarmomi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. In akwai mai rauni da ya fito daga wuta, a taimaka masa ya yi nisa da wurin. Kada kowa ya ɗauki ƙarfe ko waya ko akwati ya kai gida ko wurin ƴan gwangwan. Wani abin na iya fashewa a hannu, wani kuma shi ne zai nuna wa masu bincike dalilin haɗarin, kamar yadda ƙofar jirgin Saigon ta nuna.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri, ya kuma kai matafiya gida lafiya. Masu tambaya ko ƙarin bayani kan wannan batu na iya aiko mana da saƙo, za mu karanta a shirinmu na gaba.